Mutuwar Ƙwayoyin Jiki da Neman Rigakafin Ciwon Sukari na Yara

Ciwon sukari nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, cuta ce da ke tasowa idan garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya. A bayan tumbin mutum akwai wata tsoka mai tsawo da likitoci ke kira fankiriyas. A cikinta akwai wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta, kimanin miliyan ɗaya, waɗanda Paul Langerhans ya fara gani a Balin a 1869 yana ɗalibin likitanci. Duk yawan nan nasu ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na nauyin fankiriyas ba. A tsibiran nan ƙwayoyin beta suke zaune, su ne masu samar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Idan wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T suka far wa ƙwayoyin beta suka gama da su, insulin ya ƙare, sukari ya taru a jini, jiki ya zauna da yunwa alhali ga abinci a cikinsa.

Wannan ya sha bamban da ciwon sukarin da aka fi sani a Funtuwa da Malumfashi, na manya da masu ƙiba, wanda insulin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa. Na yara kan bayyana cikin 'yan makonni. Yaro ya yi ta zarya wajen randa, ya sha ruwa bai ƙoshi ba. Wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi, kiyashi kuma na taruwa inda ya tsuguna. Yana cin tuwo yana neman ƙari, amma kullum ramewa yake yi. In aka yi sake sai amai da ciwon ciki su biyo, numfashi ya yi zurfi da sauri, daga nan sai suma. Idan abin ya faɗo da damina, lokacin da kowane gida ke da mai zazzaɓi, akan kai shi kemis a ce maleriya ce ko taifod, wani lokaci ma a ɗaura masa ruwa mai sukari. Ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa a kan na'urar awon sukari ya isa ya raba gardama, in an tuna a yi.

Kafin 1922 babu abin da ke bayan wannan cuta sai mutuwa. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 kuma aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa, ya farfaɗo. Insulin yana maye gurbin abin da aka rasa ne kawai, ba ya taɓa tushen ɓarnar. Tushen ya fara fitowa fili a 1974, lokacin da Gian Franco Bottazzo da Deborah Doniach suka gano a Landan cewa jinin wasu masu cutar yana ɗauke da antibodi, wato makaman garkuwa, da aka ƙera musamman domin tsibiran fankiriyas. A 1986 George Eisenbarth ya tsara bayanin cewa yaƙin nan yakan ɗauki watanni ko shekaru a ɓoye kafin ƙishirwa ta fara. Binciken da aka tattara a 2013 ya nuna cewa cikin yaran da ke da nau'i biyu ko fiye na waɗannan antibodi, kimanin kashi 70 cikin ɗari kan kamu cikin shekara goma. Ke nan akwai tazara tsakanin farkon hari da bayyanar ciwo, kuma a cikin tazarar nan masu neman rigakafi suke aiki.

Dabarar farko ita ce a danne garkuwar gaba ɗaya. An gwada maganin sayikulosforin a Kanada da Faransa a shekarun 1980. Ya rage buƙatar insulin na ɗan lokaci, amma yana cin ƙoda, yana buɗe jiki ga kowace cuta, kuma da an daina sha ciwon ya dawo. Abin da ake buƙata shi ne a kwantar da sashen garkuwar da ke kai wa beta hari, a bar sauran su ci gaba da tsare yaro daga ƙyanda da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Kawaicin da garkuwa ke yi wa jikin mai ita shi ne ginshiƙin dukkan maganar.

An fara fahimtar kawaicin nan ne a garken shanu. A 1945 Ray Owen, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya lura cewa tagwayen maruƙa, ko da ba daga ƙwai ɗaya suka fito ba, jininsu kan gauraya a cikin uwa saboda jijiyoyin mabiyiyarsu sun haɗe. Haɗuwar nan ce dalilin da karsanar da aka haifa tagwaye da namiji galibi ba ta haihuwa, abin da makiyaya suka daɗe da sani. Abin da Owen ya ƙara shi ne, kowane ɗaya daga cikin tagwayen yakan girma ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa, garkuwarsa ba ta ce musu uffan ba. Peter Medawar da abokan aikinsa a Ingila suka dasa fatar wani tagwai a jikin ɗayan, ta kama ta zauna. A 1953 suka maimaita abin a ɓeraye: suka sa wa 'yan tayi ƙwayoyin wani ɓera daban, da suka girma suka karɓi fatarsa. Medawar da Macfarlane Burnet sun sami lambar Nobel a 1960 a kan wannan. Darasin da aka ɗauka shi ne, garkuwa koyon sanin nata take yi, kuma abin da aka koya ana iya sake koyar da shi.

Makarantar farko ita ce taimus, wani ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji, wanda ya fi ƙarfin aiki a ƙuruciya. A can ake gwada ƙwayoyin T da samfurin sassan jiki, har da ɗan insulin kaɗan da taimus ke samarwa domin gwajin. Wadda ta nuna alamar za ta kai hari sai a sa ta mutu. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyin T da ke tasowa a taimus ba sa fita da rai. Duk da haka wasu masu haɗari kan sulale, saboda haka akwai tsaro na biyu a cikin jiki: wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995. Aikinsu shi ne hana 'yan'uwansu wuce gona da iri. Lambar Nobel ta 2025 a fannin likitanci ta tafi ga Sakaguchi da Mary Brunkow da Fred Ramsdell saboda wannan bincike.

Tambayar da ta rage ita ce, ta yaya garkuwa take ci gaba da tuna abin da yake nata har tsawon rai? Babban ɓangare na amsar yana cikin yadda ƙwayoyin jiki ke mutuwa. Wani ƙiyasi da masana a Cibiyar Weizmann suka fitar a 2021 ya nuna jikin baligi na sauya ƙwayoyi kimanin biliyan 330 a kowace rana, mafi yawansu na jini da na bangon hanji. Mutuwar kuwa iri biyu ce. Akwai ta rauni, ta ƙuna ko guba ko yankewar jini, inda ƙwayar ke kumbura ta fashe, kayan cikinta su watsu, wurin ya yi zafi ya kumbura. Akwai kuma mutuwa mai tsari, wadda John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka bayyana a Aberdeen a 1972 suka sa mata suna afoftosis. A nan ƙwayar da kanta take tattare kayanta, ta tsuke, ta kakkarye zuwa 'yan ƙunshi, kowanne a naɗe cikin fatarsa, babu abin da ya zube. Tsarin yana rubuce a cikin gado. A wata 'yar tsutsa da masana ke nazari, ƙwayoyi 1,090 ake samarwa yayin girmanta, 131 daga ciki kuma su mutu, kullum su ɗin dai, a lokacinsu.

Misalin bambancin ba ya da nisa. Idan tsoho ya rasu a ɗakinsa mutuwar Allah da Annabi, liman da 'yan unguwa su yi masa wanka da sutura, a kai shi makwanci, a zauna karɓar gaisuwa, babu mai neman makami. Idan kuwa aka wayi gari aka tsinci gawa a bakin gona da rauni a jiki, gari ya ɗauka, 'yan sa-kai su fito, kuma a irin ranar ce akan far wa wanda bai ji ba bai gani ba don kawai an gan shi kusa da wurin.

Ƙwayar da ke mutuwa cikin tsari tana da alamar da take fitarwa. A fatar kowace ƙwaya akwai wani nau'in kitse mai suna fosfatidilsirin, wanda a lokacin lafiya ake ɓoye shi ta fuskar ciki. Da mutuwa ta zo sai ya juyo waje. Valerie Fadok da Peter Henson a Denba sun nuna a 1992 cewa manyan ƙwayoyi masu haɗiya, makirofej, da wannan alama suke gane abin da za su kwashe. A 1997 da 1998 aka gano abin da ya fi wannan muhimmanci: makirofej da ta haɗiye irin wannan gawa takan fitar da sinadarai masu kwantar da kumburi, musamman TGF-beta da IL-10. Akwai kuma ƙwayoyi masu rassa, dendiritik, da Ralph Steinman ya gano a 1973. Su kan ɗauki guntun abin da suka haɗiya su kai ƙullutun kaluluwa ko saifa su nuna wa ƙwayoyin T. Idan sun ɗauko shi daga wurin kumburi, saƙon da ke tare da shi na yaƙi ne. Idan daga gawa mai tsari suka ɗauko, ƙwayar T da ta gane guntun sai ta yi sanyi, ko ta mutu, ko ta rikiɗe ta zama mai tsawatarwa. Haka jiki yake bita kullum, da gawawwakinsa, a kan abin da bai kamata a taɓa ba.

An gwada wannan ilimi a kan ciwon sukari ta hanyar wani ɓera da aka samar a Japan, aka bayyana shi a 1980, mai suna NOD. Galibin matan wannan ɓera kan kamu da ciwon da kansu cikin watanni kaɗan. An lura cewa kimanin mako biyu bayan haihuwa ƙwayoyin beta da yawa kan mutu yayin da fankiriyas ke gyara siffarta, an kuma lura cewa makirofej na NOD suna da nawa wajen kwashe gawa. Gawar da ta daɗe a yashe kuwa fashewa take yi, mutuwa mai tsari ta koma ta rauni. Wannan ya sa ake zargin cewa a nan wutar take tashi.

Daga nan sai aka juya dabarar. A 2002 masana a Faransa suka ba 'yan ɓerayen NOD ɗan magani kaɗan da ke sa ƙalilan daga ƙwayoyin beta su mutu cikin tsari. Maimakon ciwon ya yi sauri, sai ya ragu, ƙwayoyi masu tsawatarwa suka bayyana. A 2007 Chang-Qing Xia da Michael Clare-Salzler a Jami'ar Fulorida suka raini ƙwayoyin beta a ɗakin gwaji, suka haska musu haske mai ƙuna na UVB har suka kama hanyar mutuwa, suka zuba su a jijiyar ɓerayen sau ɗaya a mako har mako uku. Yawan masu kamuwa ya ragu ƙwarai. A Badalona, kusa da Basalona ta ƙasar Sifaniya, tawagar Marta Vives-Pi ta ciyar da ƙwayoyi masu rassa da guntayen gawar beta a 2010, ta mayar da su jikin ɓeraye, ta ga kariya. Amma a mutum ina za a samo ƙwayoyin beta masu yawa da za a kashe? Saboda haka a 2015 suka ƙera gawar jabu: ɗan ƙwanson kitse mai fosfatidilsirin a bayansa, guntayen insulin a cikinsa. Ƙwayoyi masu rassa suka haɗiye shi suna zaton gawa ce, ciwon ya ragu a ɓeraye. A 2018 suka nuna cewa ƙwayoyin da aka ɗebo daga jinin mutane masu ciwon su ma haka suke amsawa a kwanon gwaji. Wannan hanya ta fi sauran alamar ɗorewa, don ana iya ƙera ta da yawa a masana'anta a zuba a kwalba.

A jikin mutum kuwa, shaidar ba ta taka kara ta karya ba tukuna. Tsohuwar hanya ita ce ta fitar da fararen ƙwayoyin jinin majiyyaci, a gauraya su da sinadari mai jin haske, a haska su, a mayar, su mutu cikin tsari a jikinsa. An amince da ita a Amurka a 1988 domin wata sankarar fata. Johnny Ludvigsson ya gwada ta a kan yara masu sabon ciwon sukari a Suwidin, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna ɗan sassauci a buƙatar insulin, ba warkewa ba. Stephen Miller na Jami'ar Northwestern ya daɗe yana liƙa guntayen furotin a jikin fararen ƙwayoyin jini da wani sinadari da ke sa su mutu cikin tsari. An gwada dabararsa a Jamus a kan mutum tara masu wata cutar garkuwa da ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, aka wallafa a 2013 cewa ba ta yi illa ba. Gwajin mutum tara na nuna rashin haɗari ne, ba ya nuna magani.

Abin da ya kai kasuwa shi ne teplizumab, antibodi da ke kama ƙwayoyin T. A gwajin da Kevan Herold ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, an ba mutum 76 da ke gab da kamuwa ko dai maganin ko na bogi tsawon kwana 14, maganin ya jinkirta ciwon da kimanin shekara biyu. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2022 ga 'yan shekara takwas zuwa sama. Yana da alaƙa da wannan batu, domin a 2008 an nuna a ɓeraye cewa wani ɓangare na amfanin irin wannan antibodi yana zuwa ne daga TGF-beta da makirofej ke fitarwa bayan sun haɗiye ƙwayoyin T da suka mutu. A 2022 kuɗinsa ya kusa dala 194,000, kuma jinkiri yake yi, ba hanawa ba.

Akwai dalilan taka-tsantsan. Tun 1999 aka lissafa fiye da hanyoyi 125 da ke hana ciwo a ɓeran NOD, kusan duk waɗanda aka gwada a mutum kuma sun gaza. Ɓeran nan bai da wuyar cetowa in an fara da wuri. Sannan gawa takobi ce mai kaifi biyu. A 1998 Dror Mevorach da abokansa suka zuba wa lafiyayyun ɓeraye gawawwakin ƙwayoyi masu yawa, sai jikinsu ya fara ƙera antibodi a kan kansa. Idan aka ba da irin wannan magani yaro yana cikin zazzaɓi, garkuwa a tsaye, saƙon na iya juyewa. A ƙasar da yaro kan yi maleriya sau da yawa a damina ɗaya, wannan ba ƙaramar matsala ba ce.

Najeriya na da tsohon hannu a muhawarar alaƙar maleriya da garkuwa. A 1968 Brian Greenwood, yana aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya wallafa cewa cututtukan da garkuwa ke kai wa jiki hari ba su da yawa a cikin majinyatan da ake kwantarwa, ya kuma yi hasashen cewa maleriya da tsutsotsi ne ke sauya halin garkuwar. Daga 1970 ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi shekara goma. A cikin shekarun ne aka gudanar da shirin binciken cututtukan gida a Malumfashi, tare da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, wanda ya bi diddigin maleriya da saran maciji da tsargiya, musamman a yaran da ke wanka a ƙananan madatsun ruwa. A 1999 Anne Cooke ta Kembirij ta sa wa ɓerayen NOD wata tsutsa 'yar'uwar mai kawo tsargiya, sai ciwon sukarin ya ƙi kama su. An kuma san cewa ɓeran NOD ya fi kamuwa idan aka rene shi a keji mai tsananin tsafta. Wannan ba ya mayar da tsargiya magani, don tana lalata mafitsara da ƙoda. Abin da ya nuna shi ne garkuwar yaron Kafur ko Bakori ta taso cikin wata tarbiyya daban da ta yaron Finlan, inda cutar ta fi yawa a duniya.

Sai dai ƙarancin cuta a littafin asibiti ba kullum yake nufin ƙarancinta a gari ba; yaron da ya rasu a ƙauye da sunan zazzaɓi ba ya shiga lissafi. Ƙiyasin duniya da aka wallafa a 2022 ya ce mutum miliyan 8.4 ke da nau'i na ɗaya a 2021, kuma ɗan shekara goma da ya kamu a ƙasa matalauciya ana sa ran zai ƙara shekara 13 ne, na ƙasa mai arziki kuwa 65. Bambancin nan insulin ne da allura da abin awo. Zogale da hulba da garafuni ba sa maye gurbin insulin ga wanda beta ɗinsa suka ƙare, kuma daina allura don an sami wani jiƙo kan kai yaro ga suma cikin kwanaki. Ajiya ma ba ta gagara kamar yadda ake tsoro. Asali ana ajiye insulin a firiji, amma binciken da Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-komo tsakanin digiri 25 da 37. Tukunyar ƙasa a cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, tana rage zafin bazara sosai.

Batu na ƙarshe ya shafi tushen dabarar kanta. A 2025 aka wallafa binciken matasa 894 da aka ce suna da nau'i na ɗaya a Kamaru da Yuganda da Afirka ta Kudu. Kimanin kashi 65 cikin ɗari ba su da antibodi ko ɗaya, ba su kuma da alamun gadon da ke tafiya da cutar a Turai, ga shi insulin ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai. A shekarar ce kuma ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta amince da wani nau'i mai alaƙa da tamowa tun ƙuruciya, ta kira shi nau'i na biyar. Duk maganin da aka gina a kan gawar ƙwayoyi yana aiki ne a kan harin garkuwa; inda babu harin, ba shi da abin yi. Kafin a san rabon da yaran kudancin Katsina za su samu daga wannan bincike, dole a rarrabe su da gwaji biyu: na antibodi, da na C-feftaid, wanda ke nuna ragowar insulin da jiki ke samarwa. Rigakafi kuma yana buƙatar a gano yaro tun yana lafiya, alhali kusan tara cikin goma na masu kamuwa ba su da wani mai cutar a gidansu. Jihar Bavariya ta Jamus ta fara gwada jinin ƙananan yara a 2015, Italiya ta kafa dokar yin haka a faɗin ƙasa a 2023. A kudancin Katsina, matakin da ya dace da hali shi ne manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi su riƙa rajistar duk yaron da aka samu da ciwon, a ɗebi jininsa tun farkon ganowa, a aika asibitin koyarwa na Shika da ke kan hanyar Zariya ko na Katsina domin gwaje-gwajen biyu, sannan a gwada ƙannensa da yayyensa, waɗanda haɗarinsu ya fi na sauran yara.